Noman Rani da Rayuwar Fadama: Darasi Daga Dausayin Haɗeja da Nguru

Manufar darasi

Wannan darasi zai nuna yadda neman ƙarin abinci ta hanyar manyan madatsun ruwa, da injin ban ruwa, da maganin feshi yake shafar tsuntsaye, kifaye, itatuwa da ƙwari a ƙasashen da ruwan sama ba ya wadata. Zai kuma nuna abin da iyali zai iya yi a gonarsa domin a sami amfani mai yawa ba tare da an talauta ƙasa ba.

Gabatarwa

Wajen kashi 40 cikin ɗari na doron ƙasa busasshen yanki ne, inda damina take gajarta, rani kuwa ya yi tsawo. Mutane fiye da biliyan biyu suke zaune a irin waɗannan wurare, arewacin Nijeriya yana cikinsu. A duniya duka, noma ne yake shanye wajen kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ake ɗiba daga koguna, tafkuna da rijiyoyi. Saboda haka duk inda ruwa ya yi ƙaranci, manomi da sauran halittu suna shan ruwa a ƙwarya ɗaya, in ɗaya ya yi babbar kurɓa, ɗayan zai kwana da ƙishi.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a fahimta tun daga farko. Na ɗaya shi ne noman da yake matsa wa ƙasa lamba, wato a nome gona ɗaya sau biyu ko uku a shekara, a shuka iri ɗaya tak a fili mai faɗi, a tumɓuke itatuwa domin tarakta ta wuce, a dogara ga takin zamani, maganin ciyawa da ruwan famfo. Na biyu shi ne yawan ire-iren halittu, wato dukan nau'o'in tsiro da dabba da suke rayuwa tare a wuri ɗaya, daga kuka da gawo har zuwa ƙudan zuma da tanar da take cikin ƙasa, har da ire-iren gero, dawa da acca da kakanni suka bari. A shekarar 2019 wani babban kwamitin masana na ƙasashen duniya ya ba da rahoto cewa kimanin nau'i miliyan ɗaya na tsirrai da dabbobi suna cikin haɗarin ƙarewa, ya kuma sa sauya daji da fadama zuwa gonaki a kan gaba cikin dalilan haka.

Dausayi a bakin hamada

A kan iyakar jihohin Jigawa da Yobe, har ya taɓa arewacin Bauchi, akwai wani shimfiɗaɗɗen dausayi da ake kira da sunan Haɗeja da Nguru. Ruwan saman da yake sauka a wajen Nguru bai wuce kimanin milimita 500 a shekara ba, yawancinsa cikin wata uku ko huɗu. Abin da yake rayar da wurin daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ruwan da ya ratsa Jos cikin Dilimi yana cikin wanda yake kaiwa can. Sa'ad da kogunan suka isa ƙasa mai yashi da ba ta da gangare, sai su rarrabu cikin ƙananan magudanai, su malale tsakanin tuddai, sa'an nan su sake haɗuwa kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda yake ƙarewa a Tafkin Chadi.

Kafin a gina madatsun ruwa, shekara a dausayin tana da tsari sananne. A watannin Agusta da Satumba ambaliya takan cika fadamu, a shekarun 1960 takan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000. Manoma sukan shuka shinkafar gargajiya mai miƙewa tare da ruwa. Tarwaɗa, ƙarfasa, bargi da gaiwa sukan bi ruwan su shiga ciyayi su hayayyafa. Da ruwa ya fara janyewa, sai a bi danshin da wake da sauran amfanin da ba ya bukatar ban ruwa, masunta kuma su kama kifin da ya taru a kududdufai. Can cikin rani Fulani sukan sauko da shanu domin ɗanyar ciyawa. Mata da yara sukan tara bado, goriba da kaba, a sami itacen girki daga kurmin bagaruwa. Fili ɗaya yakan ciyar da manomi, masunci da makiyayi, kowa a lokacinsa. Ruwan da ya kwanta kuma yakan nitse ƙarƙashin ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da suke nesa da kogin.

An ƙididdige nau'in tsuntsaye fiye da 300 a dausayin. Akwai na gida kamar kirinjijiya, dinya, zalɓe da jinjimi. Akwai kuma baƙi, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa, waɗanda suke tasowa daga Turai da arewacin Asiya su ƙetare hamadar Sahara su yi hunturu a nan. Saboda su aka keɓe mafakar tsuntsaye ta Dagona, wadda take cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Chadi. A shekarar 2000 Tafkin Nguru da magudanar Marma suka zama wuri na fari a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayin duniya na Yarjejeniyar Ramsar. Dagona da Baturiya suka shiga a 2008. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin wurin da ake kiyaye halittu tare da mutanen da suke zaune a ciki.

Dalilin gina madatsun ruwa

Ba daidai ba ne a ɗauka waɗanda suka tsare kogunan mugunta suka yi niyya. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa, ya kori iyalai daga gidajensu, na 1984 ya sake tuna wa kowa cewa damina ba abar dogara ba ce. Birnin Kano yana ta girma yana bukatar ruwan sha. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Daga Tiga aka ja ruwa zuwa shirin noman rani na Kogin Kano a wajen Kadawa, Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa, alkama, tumatir da albasa. Dubban iyalai suna ci suna biyan kuɗin makaranta daga waɗannan gonaki, tumatirinsu kuma yana kaiwa kasuwannin Legas. A ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, ba wanda zai raina wannan.

Amma ruwan da aka tsare a sama, an hana shi wanda yake ƙasa ne. Bayan Tiga, tare da raguwar ruwan sama, ambaliyar dausayin ta ragu ƙwarai, a wasu shekarun 1980 da farkon 1990 ba ta kai ko rabin faɗinta na dā ba. A farkon shekarun 1990 masana uku, Edward Barbier, William Adams da Kevin Kimmage, suka lissafta abin da dausayin yake bayarwa ta fuskar noma, kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da shirin Kogin Kano yake bayarwa. Suka tarar kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya malale a fadama yana kawo riba da ta ninka ta gonakin ban ruwa sau da yawa. Ba su ma sa kiwo da cikar rijiyoyi cikin wannan lissafi ba. Abin da ya ɓoye wannan gaskiya shi ne, ana ƙirga buhunan da suka fito daga gonakin gwamnati, amma kifin da uwa ta sa a miya da kabar da aka saƙa tabarma ba sa shiga littafin kowane ofis.

Kachala da jan baki

Illa mafi girma ba daga ƙarancin ruwa kaɗai ta zo ba, har da sauyin lokacinsa. A dā kogin yakan ƙafe a tsakiyar rani, ciyawar ruwa ta mutu, in damina ta zo ambaliya mai ƙarfi ta share yashin da ya taru. Da aka gina madatsun, ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, babbar ambaliyar da take wanke hanya kuwa ta ragu. Wannan shi ne yanayin da ciyawar kachala take so, wato ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta yaɗu ta toshe magudanai, laka ta taru a gindinta. Ruwa ya karkata ya yi yawa a magudanar Marma da Tafkin Nguru, ya kwanta a gonakin da a dā ake nomawa, wasu magudanan kuwa suka bushe, ƙauyukansu suka rasa ruwa. Abin da yake isa Gashuwa daga Kogin Haɗeja ya zama ɗan kaɗan.

Inda kachala ta kafu, kwalekwale ba ya wucewa, taru ba ya shiga, bado da ciyawar kiwo ba sa samun wuri. Sauro yana hayayyafa a cikinta, haka kuma dodon koɗin da yake ɗauke da cutar tsargiya. Tsuntsun jan baki ya sami maɓoya da ba a iya kai masa, daga nan yake tashi dubbai ya sauka a kan shinkafa da gero. Sai a ɗauko jirgin sama a yi feshi, maganin kuwa ba ya tambayar sunan tsuntsu, yana kashe jan baki da wanda yake kwana kusa da shi, da shahon da ya ci gawar. Ruwa ba ya tsami banza. Matsalar da take kama da ta tsuntsu, asalinta tana can wajen ƙofar madatsar ruwa.

Ƙananan manoma ma suna da nasu rabo cikin al'amarin. Sa'ad da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, farashi ya tashi, aka sassabe kurmin bagaruwa a wurare da dama na dausayin, aka kafa injunan ban ruwa. An ɗage hanin a 1992, amma itatuwan ba su dawo ba. Gonakin rani suka cinye makiyaya da burtali, suka tsare mashaya, rikicin manoma da makiyaya ya ƙaru a wurin da dā kowa yake da lokacinsa.

Gargaɗi daga wasu wurare

In mutum ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa. A tsakiyar Asiya, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, akwai Tekun Aral. A 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 68,000, shi ne tafki na huɗu a girma a duniya. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya domin noman auduga a hamada. Audugar ta yi kyau, tekun kuwa ya janye, gishirinsa ya ƙaru har kifayensa suka mutu. Garin Muynak da yake tashar masunta ya koma tsakiyar yashi, jiragen ruwa suna tsatsa a kan tudu, iska tana kwaso gishiri da ragowar maganin feshi tana zubawa a kan mutane. A 2014 ɓangaren gabas na kudancin tekun ya ƙafe ƙaf. Sai dai a arewa, madatsar Kok-Aral da aka gama a 2005 ta tara ruwan Sir Darya, gishiri ya ragu, kifi ya dawo.

Kusa da gida, Tafkin Chadi ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba a tsakiyar shekarun 1980, mafi yawa saboda fari. Babban shirin ban ruwa na Kudancin Chadi a jihar Borno, wanda aka tsara domin hekta 67,000, ya tsaya cik sa'ad da bakin tafkin ya ja da baya ya bar magudanarsa a busasshiyar ƙasa. Manoman da suka bi danshin da tafkin ya bari da masara da wake, su ne suka sami abinci.

Akwai kuma labarin ungulu a Indiya. A shekarun 1990 maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulu da suka ci mushen shanun da aka yi wa allurarsa. Mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, haɗarin cutar haukan kare ya ƙaru. An hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006. Ungulun da a dā take cika kowace mahauta a Nijeriya ita ma ta shiga jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa tun 2015. Halittar da ake yi wa kallon ƙazama ma tana da aikin da ba a gane shi sai bayan ta tafi.

Inda aka gyara

A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa ta hana ambaliyar Kogin Logon isa fadamun Waza. Ciyawar kiwo ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya da namun daji suka watse. A 1994, aka sake buɗe wata magudana da aka toshe, aka ƙara wata a 1997. Cikin 'yan shekaru ciyawa mai daɗewa ta fara komowa, kifi da tsuntsaye suka ƙaru, shanu suka dawo, gonakin shinkafa kuma suna nan. Irin wannan ne masana suka daɗe suna ba da shawara a kan Tiga da Challawa, wato a saki ruwa mai yawa a damina domin ya kwaikwayi ambaliya, a rage na rani domin kachala ta bushe. A 2006 jihohi shida da suke kan kogunan, wato Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suka amince da tsari ɗaya na kula da ruwan, aka kafa asusu domin aikin. An yashe wasu magudanai, amma kachala tana komowa duk inda ruwa ya ci gaba da kwanciya duk shekara.

Misali na biyu daga Maraɗi yake a Jamhuriyar Nijar. An daɗe ana koya wa manoma cewa gona mai kyau ita ce wadda ba ta da ko itace ɗaya, sai iska ta riƙa binne shuka da yashi. Dashen itatuwa ya ci kuɗi mai yawa, yawancinsu suka mutu. A 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM daga Ostireliya, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace bazara kututturan manyan itatuwa ne masu rayayyun saiwoyi. Hanyar da aka bi mai sauƙi ce. A zaɓi kututture, a bar rassa kaɗan mafi ƙarfi, a datse sauran, a kāre su daga awaki da wuta. Manoma suka kira ta sassaben zamani. A tsakiyar shekarun 2000 masu bincike suka kiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo ya yi fice a cikinsu, gama yana kakkaɓe ganye da damina, ba ya inuwantar da gero, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa ta hanyar haƙa ƙananan ramuka ana zuba taki a shuka a ciki.

Abin da iyali zai iya yi

Iyali ba shi da iko a kan ƙofar madatsar ruwa, amma yana da iko a kan gonarsa.

Na fari, a bar itatuwa masu amfani a gona, kamar gawo, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka da aduwa, a kuma raini kututturan da suka toho. Gonar ikkilisiya da filin makaranta wurare ne masu kyau na nuna wa jama'a wannan hanya.

Na biyu, a ci gaba da haɗa shuka da juya ta. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, juyawa kuma tana rage wuta-wuta. Hutar da ƙasa tsohuwar hikima ce, Littafin Firistoci sura 25 ya umarta a bar gona ta huta a shekara ta bakwai. Inda ƙarancin fili ya hana barin saura, takin gida da shukar wake su ne mafi kusa da wannan hutu.

Na uku, a adana irin gargajiya tare da sabon iri. Acca, tamba, dauro da maiwa suna jure wahalar da masara ba ta jurewa. Irin da ya ɓace daga rumbunan gari ba a sayo shi a kasuwa.

Na huɗu, a yi hattara da magani. Kimanin kashi uku cikin huɗu na manyan amfanin gona a duniya suna amfana da ƙudan zuma da sauran ƙwarin da suke kai garin fure daga fure zuwa fure. Kada a yi feshi da rana sa'ad da shuka take fure, kada a wanke tankin feshi a rafi, kada a zuba gamalin ko wata guba a ruwa domin kama kifi, kada a sa guba a mushe.

Na biyar, kada a nome har bakin gaɓa. Ciyawa da itatuwan bakin rafi suna riƙe ƙasa, suna tace ruwa. A bar burtali da mashaya a buɗe. A hana yara ƙona daji domin farautar gafiya.

Kammalawa

Gauraka ita ce tsuntsuwar da ake ɗauka alamar Nijeriya, amma yau da wuya a gan ta a fadamun ƙasar, yara da yawa a hoto kaɗai suka san ta. Labarin Haɗeja da Nguru ya nuna cewa sa'ad da tsuntsu ya rasa wurin sauka, masunci da makiyayi da mai rijiya suna gab da rasa nasu. Labarin Waza da na Maraɗi sun nuna ana iya ƙara abinci a kuma bar wa sauran halittu rabonsu, in an lura da lokacin ruwa da aikin itace. Rigakafi ya fi magani, gama yashe magudana ɗaya da kachala ta toshe ya fi barin ta a buɗe tsada nesa ba kusa ba.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Waɗanne tsuntsaye, kifaye ko itatuwa ne kakanni suka sani a garin, waɗanda yanzu ba a ganinsu? Me ya kawar da su?

2. Ta yaya sakin ruwa duk shekara ya jawo kachala, kachala kuma ta jawo jan baki?

3. Su wane ne suke shan ruwan rafin da ya wuce ta gonar iyali bayan ya bar garin? Wane hakki suke da shi a kan mutanen sama?

4. Wane iri na gargajiya ne har yanzu yake cikin rumbun gidan, wa kuma zai adana shi?

5. Kututture nawa iyalin za su iya rainawa a gonarsu kafin damina mai zuwa?